Rabin Fuskar Auta

Yaya tana da wata ƙa'ida a sana'arta ta kwalliyar amare. Duk amaryar da ta kasa zaɓa tsakanin kwalliya iri biyu, ba ta ɓata bakinta wajen dogon bayani. Sai ta zaunar da ita gaban madubi, ta raba fuskar gida biyu daga tsakiyar goshi zuwa haɓa, ta yi wa dama iri ɗaya, hagu iri ɗaya, sannan ta miƙa mata madubin hannu ta ce, "To, ga ku nan ku biyu. Wacce za mu aurar?"

Amare da dama sun yi dariyar wannan magana. Ranar da ta faɗa wa ƙanwarta, autar gidansu, ita ma sai da ta dara.

"Yaya, ni ma sai kin yi min wannan tallan naki? Ai na haddace shi tun ina share miki ɗakin nan."

"Rufe min baki, kina motsa min haɓa."

Shagon ba wani shago ba ne, ɗakin gaba ne na gidan mahaifinsu. Yaya ta mayar da shi wurin aiki ne tun da ciwon mantuwa ya kama Baba, don ta riƙa jin motsinsa ta ƙofar ciki. Kujera ɗaya ce mai juyawa, da babban madubi, da fitila mai zobe, da kanta cike da kwalabe. A ɓangaren dama na fuskar Auta ta yi wadda ake kira HD, wato ta soso da burushi, siririya, mai barin fata ta fito kamar fata ko an matso da kyamara. A hagu kuma ta yi ta feshi, wadda ɗan inji mai gurnani kamar firji yake huro ta ta bakin wani abu mai kama da alƙalami, ta sauka kamar raɓa, ta kwanta kamar da ita aka haifi mutum. Ita wannan ba ruwanta da zufa, ba ruwanta da hawaye. Sai an sa mata mai sannan take tashi.

Ba da wata manufa Yaya ta sa feshin a hagu ba. Soket ɗin bango ne yake ta can, kuma wayar injin gajera ce. Amma a kuncin hagu tabon Auta yake.

Tabo ne shafaffe, ba rami ba tudu, sai duhu kawai, tsawonsa kamar gaɓar yatsa. Tana 'yar ƙarama ta same shi. Baba ya ɗauko ta a keke daga makaranta, ya tsaya gaisawa da wani ya saki hannu, keken ya kife da ita a kan bakin kwata. Mahaifiyarsu ta yi mako tana yi masa shari'a a kan wannan, don dama Alƙaliya yake kiranta, saboda ba a taɓa kawo magana gidan ba ta yanke hukunci ba. Da ciwon ya warke, sai Baba ya mayar da abin wasa. Ya kan dangwala yatsa a wurin ya ce, "Sa hannuna ke nan. Ko a tsakiyar kasuwa kika ɓata, da wannan zan karɓo ki."

Ita Alƙaliya ta rasu da daɗewa. Shi kuma Baba, mai gyaran rediyo da a da yake gane cutar akwati daga jin shashsheƙarsa, ya kai ga ba ya gane ɗakinsa. Yaya da ke ba shi magani safe da yamma ta zama Malama a bakinsa, yana ɗaukarta ma'aikaciyar asibiti ce, har yana yaba mata kirki. Auta kuwa ta zama "yarinyar nan". Sai dai jefi-jefi, idan gari ya waye masa da sauƙi, idonsa kan faɗa kan tabon, ya ɗaga yatsa ya ce, "Sa hannuna. Auta." An kwana biyu rabon da a ji hakan, amma Auta ba ta daina zama ta gefen da zai ga kuncinta na hagu ba.

Yaya ta kashe injin ke nan, tana goge hannu, ƙofar ciki ta buɗe. Baba ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya, yana neman abin da shi ma bai san mene ne ba. Ta gefen dama ya fara ganin Auta.

"Sannunku da aiki, 'yan mata," ya ce, cikin ladabin baƙo.

"Yawwa Baba," in ji Auta, ta juyo da kujerar don ta dube shi.

Sai ya tsaya cik. Yaya ta ga abin da ya gani a daidai lokacin da ya gan shi. Shekara da shekaru mutane suna cewa Auta da uwarta take kama, amma tabon nan ya kan ja ido ya hana a ga kamar sosai. Yau da feshi ya shafe shi, rabin fuskar nan ba ta Auta ba ce, ta mahaifiyarsu ce.

Baba ya gyara wuyan rigarsa. Ya miƙe kafaɗu irin miƙewar da Yaya ta manta yana da ita.

"Ranki ya daɗe, Alƙaliya," ya ce. "Ashe kin dawo? Shi ne ba wanda ya gaya min?"

Ya matso yana murmushi, murmushi na gaske, har da wannan ɗage girar tasa ta tsokana.

"Wannan kwalliya haka? Yau wa za a ɗaure?"

Auta ta dubi Yaya. Yaya ta dubi kwalaben kan kanta.

Ranar Baba ya cinye abincinsa tas. Ya zauna kusa da Auta a tsakar gida, ta gefen hagu, yana ba ta labarin wani mai shago da ya kawo rediyo gyara alhali batir ne ya juya. Ya yi dariya har da tari. Da yamma Auta ta shiga ta sa mai ta wanke fuskarta, ta fito, ya ce mata, "Yarinya, ba ki ga inda matar nan ta bi ba?" Kafin a jima kuma ya manta ya yi tambayar.

Washegari Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo duba kayan biki, aka ba ta labari. Ta tafa hannu.

"To me ake jira? Allah ya kawo muku sauƙi har gida kuna neman shawara? A yi mata ta injin."

"Gwaggo, ba ki gane ba," in ji Yaya.

"Ni ce ban gane ba? Ni da na riga ki sanin mutumin nan da shekara talatin? Ke kin san yadda yake yi in ya ga taro. Ranar da muka kai shi asibiti, bai riƙe ƙofar mota yana kiran a cece shi ba? To ranar biki fa, ga kiɗa, ga mutane, ga fitilun masu hoto? Ko so kuke ku kulle shi a ɗaki ranar auren 'yarsa, kamar wanda ya yi sata?"

"Ba wanda ya ce a kulle shi."

"To in ya ga fuskar da ya sani, zai zauna lafiya lau. Mu samu hoto ɗaya da shi yana dariya. Ɗaya tak. Jikokinsa su gani wata rana."

"Ƙarya ce fa za mu yi masa."

"Ƙarya da baki ake yin ta, 'yar nan. Wa ya ce masa ga matarka? Shi ya gani, shi ya faɗa. Ke hoda kika shafa."

Yaya dai ba ta yarda ba. Ta daɗe a sana'ar nan, ta rufe ƙuraje, ta rufe duhun ido, ta rufe shekaru, ba ta taɓa jin ta yi wa wani ƙarya ba, domin duk wanda ya kalli amarya ya san amarya yake kallo, ya san akwai hoda a tsakaninsu. Wannan karon ne kawai mai kallon bai san da hodar ba. Ta rasa inda za ta ajiye abin a zuciyarta. In ka ba mai ƙishirwa ruwa a mafarki, ka shayar da shi ne ko ka cuce shi?

"Akwai wani abu kuma," ta ce. "In ya ɗauka matarsa ce, me zai ce in ya ga ango ya zauna kusa da ita?"

Gwaggo ta yarfa hannu.

"Sai mu shigo da shi da wuri. A yi hoton, a ba shi lemo, ni da kaina in mayar da shi gida kafin ango ya shigo. Wannan ma abin damuwa ne? Ke dai tun kina yarinya kin iya nemo ƙashi a cikin tsoka."

Duk wannan Auta tana zaune a bakin gado tana ninke mayafi ɗaya, ta warware, ta sake ninkewa. Bayan Gwaggo ta fita, Yaya ta zauna kusa da ita.

"Fuskarki ce. Ke za ki faɗa."

"Ni so nake ya kira ni Auta," ta ce. "Sau ɗaya, kafin in bar gidan nan. Shi ke nan abin da nake so."

"To sai mu yi ta soso. Zan bar tabon ya ɗan fito, ba wanda zai lura sai wanda ya san da shi."

"In kuma bai gane ba? In ya firgita a gaban dangin mijina, aka fitar da shi yana ihu?" Ta share ido da bayan hannu. "Yaya, kin ga kallon da ya yi min jiya? Rabon da ya kalle ni haka har na manta. Na san ba ni yake kallo ba. Amma a kaina kallon ya sauka."

Suka yanke shawarar su gwada shi. Kwana da kwanaki, kowace safiya bayan ya sha shayi, lokacin da kansa ya fi zama daidai, Auta ta kan durƙusa gabansa da fuskarta ba komai, ta juya masa kuncin hagu. Wata rana ya kalli bango. Wata rana ya tambaye ta ko ta zo karɓar rediyo ne. Ana saura kaɗan biki, Yaya ta kama yatsansa da kanta ta ɗora a kan tabon. Ya shafa shi a hankali, fuskarsa ta cika da tausayi.

"Allah sarki," ya ce. "Wa ya ji miki ciwo, yarinya?"

Auta ta tashi ta shiga ɗaki. Da Yaya ta bi ta, ta tarar da ita kwance ta ba ƙofa baya.

"Ki zaɓa min," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ni na gaji. Duk wadda kika ɗauko ranar, ba zan tambaye ki ba."

Haka nauyin ya dawo kan Yaya, kamar yadda komai na gidan yake dawowa. Ta juya maganar ta kowace fuska. Ta gaya wa kanta Auta mai saurin kuka ce, feshi ne zai riƙe. Ta gaya wa kanta zauren bikin yana da zafi. Duk gaskiya ne, kuma ko wata amarya ce daban haka za ta ba ta shawara. Amma akwai wani dalili a ƙarƙashin waɗannan da ba ta son ɗaga shi ta duba: ita ma rabin fuskar mahaifiyarsu kawai ta gani, kuma tana son ganin ta cikakkiya.

Safiyar biki ta jera soso da burusai a kan tawul, ta kuma jona injin. Auta ta zauna ta rufe ido. Yaya ta daɗe tsaye, hannunta yana tsakanin biyun. Daga ciki ta ji Baba yana faɗa da Gwaggo a kan sabuwar riga, yana cewa ba tasa ba ce, a mayar wa mai ita, muryarsa tana hawa irin hawan da Yaya ta sani. Ta danna makunnin injin.

Auta ta ji gurnanin, ta ja numfashi, ba ta buɗe ido ba.

Da aka gama, Yaya ba ta ce "ga ku nan ku biyu" ba. Mutum ɗaya ce a madubin, kuma Yaya ta kasa daɗewa tana kallonta. Ta tattara 'yar jakar gyara da take bin amare da ita, hoda, jambaki, gam na gashin ido, auduga, tishu. Kwalbar man goge kwalliya tana kan kanta a inda take kullum. Ba a zuwa da ita wurin biki. Wa yake goge wa amarya kwalliya a tsakiyar taro?

Da farko komai ya tafi yadda Gwaggo ta tsara, har tana harararar Yaya da gefen ido irin na "ban gaya miki ba?" An shigo da Baba zauren tun mutane ba su cika ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙanƙame da hannun Gwaggo, idonsa yana yawo a kan kujeru da fitilu, har sai da ya hango Auta a kan kujerar amare. Ya saki hannun. Shi kaɗai ya taka har can, ya ɗan rusuna.

"Ranki ya daɗe. Irin wannan zama, ai sai a ce kotun ce da kanta."

Auta ta yi dariya hawaye yana zuba, kuma hawayen ya gangara ya wuce bai bar ko alama ba. Aka kawo masa kujera kusa da ita. Mai hoto ya durƙusa yana ta ɗauka. Baba ya ce masa ya kula da ita sosai, shi kam an san fuskarsa. Dangin da suka yi shekara ba su ji muryarsa a sake ba suka riƙa taɓa juna. Yaya tana tsaye bayan wani ginshiƙi da jakarta, ta ce a ranta, wataƙila ni ce mai neman ƙashi a tsoka.

Lokacin tafiya ya yi, Gwaggo ta je ta raɗa masa su je gida ya huta.

"Ki je abinki," ya ce. "Tare za mu taho."

"Haba ɗan'uwana, tashi mana. Za ta biyo mu."

"Na ce ki je. Tun yaushe kika fara raba ni da matata?"

Gwaggo ta ja hannunsa, ya fizge. Ta kawo lemo, ya karɓa ya miƙa wa Auta. Ta waiwayo tana neman Yaya da ido, wannan karon ba harara a ciki. Kafin Yaya ta ƙaraso, mai kiɗa ya canza waƙa, ƙofar zauren ta buɗe, abokan ango suka shigo da shi ana tafi. Ba wanda ya gaya musu su jira, don ba wanda ya gaya musu komai.

Angon yaro ne mai hankali. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya amsa da fara'a. Sannan ya tashi ya zauna a kujerar da ke ɗaya gefen, mai hoto ya ce ya kama hannun amarya, ya kama.

Baba bai yi ihu ba. Da ya yi, da ya fi sauƙi. Ya kalli hannuwan nan biyu, ya kalli taron da ke tafi, ya kalli furannin da aka jera, kuma Yaya ta ga yana haɗa lissafin daidai, kamar yadda yake bin waya a cikin rediyo har ya kai inda ta tsinke. Kafaɗunsa suka sauka.

"Alƙaliya," ya ce a hankali. "Me na yi?"

Auta ta zare hannunta daga na ango.

"Ko ɓarawo ana jin ta bakinsa kafin a yanke masa hukunci. Ke kika koya min. In maganar keken nan ce, na ce ki yafe min. Ban saki hannu da gangan ba."

"Baba..."

Ya juya ya ga Yaya a gabansa, ya kama gefen mayafinta.

"Malama, don Allah ki taimake ni. Ki kira min Auta. Tana nan wani wuri, ƙarama ce, tana da tabo a nan. Ita kaɗai uwarta take jin maganarta. Ki ce ta zo ta ba ta haƙuri."

Auta ta zame daga kujera ta durƙusa gabansa da dukan kayan amarcinta, ta kama gwiwoyinsa.

"Ga ni, Baba. Ni ce Auta. Ni ce."

Ya dube ta sosai. Ya ɗaga yatsa, kamar yadda ta yi ta jira ya ɗaga duk safiyoyin nan, ya ɗora a kuncinta na hagu, daidai wurin, bai kuskure ko kaɗan ba. Ya shafa. Ya girgiza kai.

"Kada ki yi min haka," ya ce. "Autata tana da sa hannuna."

Auta ta fizgi tishu daga hannun Yaya ta hau dirzar kuncinta. Tishun ya fito fari. Yaya ta tsiyaya ruwan gora a auduga ta goga, ta ƙara gogawa, ruwan ya zame ya sauka a wuyan riga. Aikinta ne, kuma ta yi shi da kyau.

"Mai!" ta ce. "Wa yake da mai? Man shafawa, kowane iri!"

Kiɗa yana tashi, ba wanda ya ji ta sai na kusa. Ta sauka daga dandamalin tana bin tebur tebur, tana tambayar mata, suna kallonta kamar ta zautu. Wannan ta zazzage jaka ta fito da turare. Waccan ta ce ta bar nata a mota. Wata tsohuwa ta riƙe ta tana tambayar ko lafiya, sai da ta ɓamɓare yatsunta. Can ƙarshen zauren wata mai jego ta miƙo mata 'yar kwalbar man jariri. Ta dawo da gudu, takalminta ɗaya ya fita, ba ta tsaya ba.

Mai ya taɓa feshin, feshin ya narke kamar bai taɓa yin taurin kai ba. Shafa biyu, tabon ya fito, baƙi a tsakiyar wani fili mai maiƙo, kewaye da fatar da dirza ta sa ta yi ja.

"Baba, duba," in ji Auta. "Duba, ga shi."

Amma Baba ya riga ya koma inda yake komawa. Yana zaune hannuwansa a cinya, yana kallon igiyar takalminsa. Auta ta ɗago haɓarsa. Ya dube ta da idon baƙo mai ladabi, ya dubi tabon.

"Sannu, yarinya," ya ce. "Faɗuwa kika yi?"

Gwaggo ce ta tafi da shi. Bai yi gardama ba. Mai kiɗa ya rage sauti, sannan da ya ga ba wanda ya ce masa komai, ya mayar. Uwar ango ta zo ta tsaya kusa, ta ce cikin sanyin murya mutane suna jira a ci gaba, ko za a ɗan gyara mata fuska. Ba ta faɗi abin da ba daidai ba. Yaya ta ja ƙanwarta bayan labule, ta tsane man da tishu, ta fito da soso da hoda, don injin yana gida. Ta gyara kuncin hagu da hannu. Ta bar tabon ya ɗan fito.

"Rufe shi," in ji Auta.

"Ba zai rufu duka da wannan ba."

"To bar shi."

Ba ta ce Yaya ta yi laifi ba, a ranar ko bayanta. Ta yi alkawarin ba za ta tambaya ba, kuma ba ta tambaya ba. Haka ta koma cikin taro, dama feshi, hagu soso, aka ƙarasa biki, aka tafi da ita gidanta.

Yaya ta sa rai da abu ɗaya, cewa mantuwar da ta cinye musu komai za ta cinye wannan ma. Washegari da safe ta kai wa Baba shayi. Ba ya ɗakinsa. Ta same shi a ɗakin gaba, zaune a kan kujerar amare mai juyawa, ya fuskanci ƙofar waje, sanye da sabuwar rigar jiya da ya ƙi bari a cire masa. Ta tambaye shi ko ya tuna inda suka je jiya. Bai tuna ba. Bai tuna zaure ba, bai tuna ango ba, bai ambaci Alƙaliya ba. Amma ya ƙi karɓar kofin, kuma idanunsa sun kumbura.

"Malama," ya ce, "an ɗauke min wani abu a gidan nan."

"Mene ne, Baba?"

"Shi nake so ki tuna min. Ke ai kina nan."

Ta ajiye kofin a kan kanta, kusa da kwalbar man goge kwalliya. Bakin alƙalamin feshin yana nan yadda ta bar shi jiya, ruwan kwalliyar ya bushe a ciki, in ba a wanke shi yau ba zai toshe. Ta kwance shi, ta zuba ruwa a ɗan kwano, ta jawo kujerar roba ta zauna kusa da mahaifinta, ta gefen da zai gan ta in ya juyo. Tana wankewa, shi kuma yana kallon ƙofa.